Ana Muzuru Ana Shaho

Yau labarin tsuntsaye muka zo da shi, haɗe da labarin wata shari'a da muka yanke a zauren gidanmu ba tare da mun nemi shaida ba. Mun daɗe muna jin nauyin rubuta shi, domin ba mu fita kunya a cikinsa ba.

Mu huɗu ne muka tashi a ɗakin kakarmu a cikin garin Ƙaraye, biyu 'ya'yan wa, biyu 'ya'yan ƙane. Kowa a unguwa Inna yake ce mata. Tun da muka yi wayo, aikinta na farko idan ta idar da sallar asuba shi ne ta damƙi tsaki ta watsa a gindin turmi, sannan ta zuba ruwa a wani fasasshen kasko da ke jikin danga. Kafin rana ta ɗaga tsakar gida ta cika. Bayin Allah ne ke fara sauka, 'yan mitsi-mitsin nan da wasu ke kira beni, namijin ja wur, macen kuma launin ƙasa da ɗan ja a gindin wutsiya. Sai asisi mai shuɗin ƙirji, wanda namijinsa ke da ɗigon ja a kunci kamar ya yi kwalliyar biki. Sai gwara da hayaniyarta. Kurciya kuwa sai an gama rububi take saukowa, tana tafiya tana gyaɗa kai. Da damina zalaidu kan zo yana jan doguwar wutsiyarsa, mulufi kuma ya ɗare kan ƙyasuwar bayan gida yana ta kumbura.

Dokar Inna ɗaya ce: ba a harbin baiwar Allah. Duk wanda ta kama ya ɗaga mata gwafa, ranar ba shi ba ƙanzo. Saboda haka 'yan tsuntsayen suka raina mu, har cikin ɗaki suke shiga su tsinci abin da ya zuba a ƙarƙashin gado, su fita abinsu. A cikin jinkar ɗakinta suke sheƙa, wata 'yar dunƙulalliyar ciyawa mai ƙofa a gefe, an shimfiɗe cikinta da gashin kaza.

Muka girma, karatu da neman abinci suka watsa mu, wani Kano, wani Zariya, wani Kaduna. Shekara uku da suka wuce muka taru a gida hutun babbar sallah. Da safe muka shiga gaida Inna, muka tarar da ita zaune a bakin ƙofa ta zuba wa tsakar gida ido.

"Inna, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, mazajena. Baƙina ne dai suka yi mini yaji. Kun ga tsakin jiya can, tururuwa ce ke kwasa."

Muka duba. Gwara biyu a kan katanga, kurciya ɗaya a kan waya, shi ke nan. Babu ja, babu shuɗi. Abin ya taɓa mu fiye da yadda muka zata, domin wannan mata ta haura tamanin, ƙawayenta duk sun riga ta, ƙafa ta ƙi, hirar safiyarta ke nan da ta rage.

Da yamma muka zauna a zaure da ƙannenmu da yaran maƙwabta, aka buɗe shari'a. Ba a ɗau lokaci ba aka samo waɗanda ake tuhuma. Na farko wani ƙaton muzuru mai yagaggen kunne da ya mai da kan katangarmu gidansa. Wani yaro ya rantse ya gan shi da gashin tsuntsu a baki. Na biyu shahon da ya yi sheƙa a doguwar darbejiyar da ke bayan layinmu, wanda matan unguwa suka daɗe suna tsine wa saboda 'yan tsaki. Na uku hankaka, amma shi aka ce kama shi sai wanda ya shirya, aka ɗage shari'arsa.

Washegari muka zartar da hukunci. Aka yaudari muzuru da kan kifi, aka cusa shi a buhu, aka ɗora a babur aka kai shi can hanyar dam aka sake. Muka ba wasu yara 'yan kuɗi suka hau darbejiya suka zubo da sheƙar shaho, da ƙwai biyu a ciki. Muka koma wa Inna da albishir muna murmushi. Ta dube mu ta ce, "To, Allah Ya yi muku albarka." Ba ta ƙara komai ba, mu kuma muka ɗauka godiya ce.

Damina ta wuce, bayin Allah ba su dawo ba. Abin da ya zo shi ne ɓera. Kafin kaka ta kama sun huda buhunan masarar da ke sito, sun tauna tabarmar Inna, da dare har kan ƙafarta suke bi.

A cikin kakar nan aka yi haihuwa a gidan kawunmu, a wani ƙauye da ke ƙasar Rogo, muka haɗu muka tafi suna. Lokacin an fara saran rake, ƙanshin mazarƙwaila na tashi daga bakin gonaki. Muka kwana a can. Abin da ya tashe mu da asuba shi ne irin hayaniyar da muka manta da ita. Muka leƙa tsakar gida, sai ga su nan kamar an zazzage su daga buhu: bayin Allah, asisi, gwara, har da bardo guda biyu a bakin rijiya. Abin mamaki, ga maguna uku kwance a gindin rumbu suna lasar hannu.

Bayan an raɗa suna an watse, muka sami Kawu a inuwar tsamiya yana gyaran igiya.

"Kawu, waɗannan magunan ba sa cinye muku tsuntsaye?"

"Suna ci mana. Me zai hana su? Shaho ma yana ɗauka. Shekaranjiya ya sure wa gwaggonku ɗan tsako a gabanta."

"To yaya aka yi ba su ƙare ba?"

"Ku dai ku zauna tukuna."

Muka zauna. Mata na sussukar dawa a bayan gida, tsuntsaye sun yi dafifi a inda ake shiƙa. Can sai gwara ta yi wani irin ƙara, kafin mu ɗaga kai fili ya zama wayam. Shaho ya sheƙo ƙasa-ƙasa kamar an harbo shi, ya wuce ta kan turame, ya tashi hannu wofi. Tsuntsayen duk sun faɗa cikin shingen da ya kewaye gidan, shingen aguwa da dashi da aka cusa wa ƙayar magarya, wanda ko hannun yaro ba zai shiga ba. Daga inda suke kiwo zuwa cikinsa bai fi taku biyar ba. Ba a yi minti uku ba suka fito ɗaya bayan ɗaya suka ci gaba da tsince-tsincensu.

Kawu ya yi dariya ya ce, "Kun gani? Sau goma zai kawo farmaki kafin ya dace sau ɗaya. Tun zamanin kakanninmu yake wannan sana'a, bai ƙarar da su ba. In ya ƙarar, gobe ya ci me? Na ji labarin kun kai muzurunku dam. In kun koma, ku tsaya a tsakar gidan Inna ku ɗauka ku ne tsuntsun, an koro ku. Ku nuna mini inda za ku shiga."

Da muka koma Ƙaraye muka yi yadda ya ce. Muka tsaya a tsakiyar gidan muka juya gabas da yamma, kudu da arewa. Katangar bulo ce ta ko'ina, an yi mata filasta sumul. Ƙasa daɓen siminti. Sama kwano, an rufe bakinsa da silin ko ƙadangare ba zai sami kafa ba. Babu inda za mu shiga.

Kuma duk mu muka yi wannan aikin, da kuɗinmu, da alfaharinmu. Albashin farko da babbanmu ya ɗauka, a kan kwanon ɗakin Inna ya ƙare. Mu muka haɗa kuɗi aka rushe danga aka ja katanga. Mu muka sa aka sare magaryar da ke kusurwa saboda ƙayarta na soke yara, aka tumɓuke lallen da ke bayan banɗaki saboda wai yana tara sauro. Rumbu biyu da ke tsakar gida aka rushe su aka yi sito mai ƙofar ƙarfe. Turmin da ake watsa tsaki a gindinsa yana nan a kife, ya zama kujera, domin yanzu inji ke surfe, inji ke niƙa, a gona kuma inji ke casa. Dā duk gidan da ka shiga da hantsi ana daka, ana bakace, ana tankaɗe, kuma duk abin da ya fallatsa rabon tsuntsu ne. Tsakin Inna ƙari ne kawai a kan wannan. Yau shi kaɗai ya rage a duk layin, ga shi a fili fetal inda mai ci ba shi da wurin gudu.

Muka fita bayan gari muka ƙara dubawa. Abincin baiwar Allah da asisi na asali ƙwayar ciyawa ce, irin su harƙiya da burburwa da guɗe-guɗe, waɗanda ke nuna su zube a gefen gona da bakin hanya, tsuntsu ya yi ta tsinta har rani ya fita. Yanzu kafin a yi shuka an yi feshin maganin ciyawa, bayan shuka a sake, har iyakar gona da bakin turba ba a bari. Ciyawar ba ta kaiwa ga yin ƙwaya. Maganin ƙwari kuma ya bi ta kan tsutsa da fara da sauran ƙananan halittun da gwara ke ɗura wa 'ya'yanta, domin ɗan gwara ba ya tashi da hatsi zalla. Gezar da ke kan iyakoki an sassabe, marke da ƙirya sun tafi gawayi, filin ƙyasuwar da mulufi ke rawa a kai an yanka shi fuloti.

Kada a fahimce mu a karkace. Ba mu yi nadamar kwanon Inna ba. Mun san abin da gobara ke yi wa unguwar jinka da hunturu, mun san yoyon damina da kunamar da ke faɗowa daga rufi. Wanda ya taɓa yin noman hannu a gonar masara ba zai zagi mai goyon tankin feshi ba. Matar da ta yi shekara talatin tana daka kuwa, ba mai gaya mata daɗin turmi. Abin da muke faɗa shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare ya ɗauke wa ƙaramin tsuntsu wani abu, wannan ya ɗauke makwanci, wancan ya ɗauke abinci, wancan mafaka, kuma da yake a hankali aka yi, babu ranar da wani ya ga gawa. Muzuru kuwa an gan shi da gashi a baki. Shi ya sa ya riga kowa shiga buhu.

Daga baya muka bi diddigin abin a karatu, muka tarar ba mu muka fara irin wannan shari'a ba. A Ingila an yi shekaru ana wannan gardama. Shahonsu mai cin ƙananan tsuntsaye ya kusa ƙarewa a wasu yankuna a shekarun 1950 da 1960 saboda magungunan gona irin su DDT. Da aka hana magungunan ya farfaɗo, a daidai lokacin da tsuntsayen gona da na lambu ke raguwa, sai mutane suka ce ai ga ɓarawon nan. A 2010 masana daga cibiyar nazarin tsuntsaye ta BTO suka fitar da bincike a kan ƙididdigar shekaru masu yawa. A mafi yawan nau'o'in da suka duba ba su ga alaƙa tsakanin ƙaruwar maharan da raguwar ƙananan ba, sai a 'yan kaɗan aka ga alama. Abin da masana suka fi ɗora wa alhakin raguwar tsuntsayen gona a can shi ne sauyin noma: tumɓuke shingaye, feshi, da rashin ƙwayar da ke zuba a gona bayan girbi. Kamar a bayan garinmu aka yi binciken.

Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Baiwar Allah kan yi ƙwai uku zuwa shida a zama ɗaya, kuma takan sake wani zaman a cikin shekara. Da a ce duk suna rayuwa, da cikin 'yan shekaru ba mu ga rana ba. Yawancinsu dama ba sa kaiwa, maciji ya sha wasu, hankaka ya fasa wasu, yunwa da ruwan sama su ɗauki wasu. In dai uwa da uba sun bar biyu da suka maye gurbinsu kafin su mutu, adadi bai ragu ba. Rabon shaho yana cikin wannan rarar. Matsala na farawa ne ranar da aka rasa inda za a yi sheƙar tun farko, ko aka ƙyanƙyashe babu abin ɗurawa. Sannan shahon gari ma, ɗan ƙaramin nan mai jan ido, ƙadangaru ne mafi yawan abincinsa.

Akwai kuma abin da ya kamata ya tsayar da mu tun a zaure da mun yi tunani: su kansu maharan raguwa suke yi. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Nijar da Mali da Burkina Faso yana ƙirga tsuntsaye masu farauta a wajajen 1970, ya sake bin hanyoyin bayan shekara talatin da 'yan kai, ya tarar manyansu irin su gaggafa da mikiya sun kusa ɓacewa a wajen gandun daji. Wani babban bincike da ya fito a 2024 ya duba nau'i 42 na masu farauta a Afirka, ya ga kusan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in sun ragu. Mu ma shaida ne a kan ungulu. Muna yara ba a yanka a mahauta sai da ita, yau yaron da aka haifa bayan shekarar 2010 sai dai a kwatanta masa. In da mai farauta ne ke ƙarar da ƙananan tsuntsaye, ai da yanzu da ya yi ƙaranci sun cika gari.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba mu wanke mage tas ba. Shaho yawansa na bin yawan abin da zai kama, in abinci ya ragu shi ma ya ragu. Mage kuwa mu ke ciyar da ita, ko tsuntsu ya ƙare tana nan da ƙoshinta, tana haihuwa, tana jiran na ƙarshe. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa maguna na kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa biliyan 4 duk shekara a Amurka, mafi yawa kuma magunan da ba su da mai su ne ke yi. Hankaka ma haka yake, jujin gari ke ƙara masa yawa. Saboda haka a gida irin na Inna, inda aka share komai aka bar kasko a ƙasa a tsakiyar siminti, muzurunmu na iya yin ɓarnar da magunan Kawu uku ba za su iya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa mu muka tsaga shi.

Akwai maharin da ba a ambata a zaure ba ko sau ɗaya, domin shi ke zaune a kujerar alƙali. Dokar Inna baiwar Allah kaɗai ta kare. Sauran kuwa mun harbe su da gwafa, mun ɗana musu asuta da gashin wutsiyar doki, mun shafa danƙo a reshe, mun kwashe ƙwan kurciya, mun kama kanari mun sa a keji. Ko ɗayanmu bai tuna da wannan ba a ranar da muke ɗaure bakin buhu.

Mun san wani manomin shinkafa a bakin dam ɗin Challawa, wanda aka kammala a 1992, zai karanta wannan ya ce, "Tsuntsu ya ragu? Ku zo gonata da la'asar." Yana da gaskiya. Jan baki na nan dubbai, ana ma ɗaukarsa a matsayin tsuntsun dajin da ya fi kowanne yawa a duniya, kuma noman rani ya ƙara masa abinci da ruwa. Wanda ya wuni yana kaɗa gwangwani yana ihu don ya tsira da buhu goma ba za ka ce masa ya tausaya wa tsuntsu ba. Sai dai jan baki daban, baiwar Allah daban. Ita ba ta taɓa sauka a zangarniya ta yi ɓarna ba, abin da ya faɗi ƙasa take bi. Haɗarin shi ne a yi musu kuɗin goro. Feshin jirgin sama da ake yi wa jan baki a jihohi irin su Jigawa da Yobe da Kebbi guba ce da ba ta tambayar suna, kuma mai farautar da ya ci gawar shi ma yakan bi. A 1958 gwamnatin Mao a ƙasar Sin ta sa gwara cikin abokan gaba huɗu saboda tana cin hatsi, aka fito ƙwai da kwarkwata aka kashe miliyoyi. Sai fara da sauran ƙwari suka samu sake, suka ƙara wa ƙasar masifa a kan yunwar da ta biyo baya, har a 1960 aka cire gwara daga jerin. Su sun hukunta ƙaramin, mu mun hukunta babban, amma gaggawar iri ɗaya ce.

Da rani muka sake taruwa, wannan karon da fartanya. Muka fasa simintin kusurwar gabas, wajen taku huɗu, muka mai da ƙasa. Muka dasa lalle da zogale, muka samo 'yar magarya daga gonar Kawu, muka kewaye su da ƙaya. Muka kafa wa Inna rumfar zana a gefen ɗakinta, muka yi mata rufin ciyawa mai kauri. Kaskon ruwa muka ɗora shi a kan gungume a jikin ƙayar, yadda mage ba za ta iya laɓaɓowa ba, mai sha kuma in ya firgita tsalle ɗaya ya ishe shi. Muka roƙi ƙaninmu mai noma ya riƙa barin taku biyu a iyakar gonarsa ba feshi. Ya yi mana kallon 'yan birni, amma ya bari.

Muzuru dai tuni ya dawo da ƙafarsa, wata biyu bayan an kai shi, a rame, ya hau katangarsa kamar ba a yi komai ba. Ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Shaho ma ya sake sheƙa a darbejiyar nan. Damina ta farko ciyawa ta fito a kusurwar, Inna ta hana a cire. Da ta nuna ta bushe, wata safiya ƙanwarmu ta kira mu a waya tana haki, wai Inna ta ce a gaya mana ta yi baƙi. Biyu ne, ja da matarsa. Bana sun yi sheƙa a cikin rufin rumfar, kuma ranar da muka je ƙarshe mun ƙirga bakwai a bakin kasko, da asisi guda biyu. Ba su kai rabin na dā ba. Zalaidu da mulufi ba su dawo ba, domin abin da suka rasa ya fi ƙarfin kusurwar gida ɗaya.

A ranar ne muka ba Inna haƙuri a kan muzuru da ƙwan shaho. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ai na san ba su ba ne. Tun ranar da aka sauke jinka na san baƙina sun tafi. Na ƙi faɗa ne kada ku ce na raina ɗakin da kuka yi mini." Muka rasa abin cewa, sai babbanmu ya tashi ya ƙara ruwa a kaskon da bai ma ragu ba.

'Yan uwa, abu biyu muka ɗauko daga nan da suka shafi alƙalaminmu. Na farko, mu ma a labaranmu mun cika son mugu mai farata. Kishiya, uwar miji, attajiri mai ƙaton ciki, a cusa shi a buhu a kai dam, labari ya ƙare. Amma yawancin abin da ke rushe gida a hankali yake zuwa, sau da yawa ta hannun masu ƙauna da kyakkyawar niyya, kuma shi ya fi wuyar rubutawa. Na biyu, sunaye. Mun sha karanta "tsuntsaye na ta kuka a kan bishiya". Wane tsuntsu, a kan wace bishiya? Yaron da bai san asisi ba, ba zai lura ranar da asisi ya tafi ba. Tun 2015 cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke yinsa da wayoyinsu, har da ayarin matasan Arewa. Mu da muke da biro da littafi ba mu da uzuri. A zaɓi safiya ɗaya a mako, a zauna minti goma a tsakar gida, a rubuta abin da ya sauka da adadinsa, da sunan da tsofaffin gidan ke kiransa. Bayan shekara biyar wannan littafin zai zama shaidar da muka rasa a zaurenmu.

Masu iya magana sun ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Mun taso muna jin karin maganar nan, ba mu taɓa lura ba cewa waɗanda suka yi ta a gidan danga da rumbu suka yi ta, inda ɗan tsako ke da wurin shiga in inuwa ta gifta.

Ku faɗa mana, a garinku me ake kiran baiwar Allah, kuma yaushe rabonku da ganinta? Sai mun ji daga gare ku.